Nababa Da Jirgin Mutanen Hangari

A shekarar da farin dango suka sauka a ƙasar Gabasawa suka bar gonaki fayau, ana saura 'yan shekaru a fara yaƙin duniya na biyu, mutane iri biyu suka rage a ƙauyen Tsamiyar Kaka, kusa da Zakirai: waɗanda yunwa ta kashe wa baki, da Nababa.

Nababa ya yi rani biyu a filin jirgin sama na Kano. Aikinsa can yankan ciyawa ne da korar jakuna idan jirgi zai sauka, kuma an sallame shi ne ranar da aka same shi yana sharar barci a inuwar fiffike, alhali matuƙi ya riga ya shiga. Amma idan ka ji labarin a bakinsa, a gindin tsamiyar da ake hira, shi ya ajiye aikin don kansa, Turawa na roƙo yana cewa a yi haƙuri. Abin da ya dawo da shi gida bai wuce tsohuwar hular kwano ba, sai wani labari da ya tsinta a bakin kukun Baturen bakanike.

Wata ranar hantsi, mutane na zaune jugum kowa na sauraron cikinsa, ya gyara hular ya ce, "Akwai wata ƙasa, Hangari. A yaƙin Jamus sun bi bayan wanda aka kayar, sai aka hana su jirgin yaƙi. To ku ga wayon Ingilishi. Da hannunsa aka hana su, shi kuma ya zagaya ya buɗe musu shago. Jirgin koyo yake sayar musu, mai fiffike hawa biyu, kujera biyu, ɗalibi a gaba malami a baya. Rububinsa suke yi."

Sama'ilu dillali, wanda ya yi wata da watanni bai ga abin dillanci ba, ya ce, "To mu ina ruwanmu? A Hangari ake rabon gero?"

"Kai dai ba ka da hange. Jirgin nan na taɓa irinsa da hannuna. Itace ne da ƙyalle da waya. Wanne ne babu a garin nan?"

"Ƙyalle. Dubi rigata."

"Ni zan ƙera, mu karya wa Ingilishi kasuwa. Shi yana karɓar harajinmu, mu mu karɓe masa masu ciniki."

Liman Iliyasu, dattijo mai sanyin magana, ya ɗaga kai daga carbinsa. "Tashin fa, Nababa?"

"Allah gafarta Malam, ai na koyo ne. Wanda aka hana shi yaƙi, ina zai je da sauri? Ya ɗan ɗaga kaɗan ya sauka, ya gode Allah."

Liman ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan carbinsa.

Matar Nababa, Hure, ba ta da lokacin irin wannan hira, don ita ta san nauyin tukunyar gidan. Tun kaka take juya ganyen tafasa da rama da 'yar dusa, tana kiran abin tuwo saboda kunyar maƙwabta. Abu ɗaya ta tsare da ranta, shi ne tulun iri. 'Yan zangarnun geron da fara ta manta a gefen gona ta bi ta tsinto ɗaya bayan ɗaya, ta sussuke, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gado. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita har sai an ɗaga ta ake ba ta ruwa, wata maƙwabciya ta ce a fasa tulun a dama mata kunu, ta girgiza kai. Kowa a karkarar nan ya san komai yunwa ba a cin iri, don wanda ya ci iri ya cinye baɗi tun bana. Gonar gadon Nababa, iyakar abin da suke da shi a duniya, wannan tulun take jira.

Aka fara aiki a tsakar gida. Gwangwala ta zama ƙashin jirgi. Waya babu, igiyar rama ta maye gurbinta. Akusan gado guda biyu ya huda a tsakiya suka zama tayoyi. Da aka zo kan farfela, fankar da ke juyawa a hancin jirgi, ya shiga madafi ya fito da muciya da 'yar'uwarta ya gicciya su.

Hure ta ce, "Maigida, muciyata fa?"

"Me kike tuƙawa da ita bana?"

Ta juya ta koma madafi, don maganar ta yi zafi kuma gaskiya ce.

Batun inji bai ba shi wahala ba. Khalilu maƙeri ya tafi cin rani ya bar zugazuginsa a rataye, Nababa ya aro ba da sanin mai shi ba, ya ɗaure a bayan kujerar malami. Ya yi wa masu leƙe ta saman darni bayani cewa jirgi iska yake sha, saboda haka malami na zuga ɗalibi na tuƙi.

Fiffiken farko da zana ya yi shi. Yana gama ɗaurawa wata guguwar bazara ta shigo gidan, ta sure fiffiken, ta tsallake da shi gida biyu, ta kifa shi a kan akurkin Liman. Kazar Liman guda ɗaya da ta rage ta fito tana ɗingishi, ba ta sake yin ƙwai ba. Nababa ya je ɗauko kayansa fuska cike da fara'a.

"Allah gafarta Malam, ka gani da idonka. Fiffike ɗaya ma ya tashi, ina ga an haɗa masa ɗan'uwansa?"

"Na gani. Ka roƙi Allah kada ɗan'uwan ya san hanyar gidana."

Duk da haka Nababa ya yarda zana ba ta dace da mutanen Hangari ba, ƙyalle ake so. Sai ga saƙo daga Bacirawa cewa ƙanwar Hure ta haihu, a zo a taya ta jego. Hure ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙashin jirgin, ta dubi mijinta.

"Maigida, duk abin da za ka taɓa a gidan nan ka taɓa. Ƙarƙashin gado dai na bar maka amana."

"Haba, kin ɗauke ni yaro? Ki gaishe su."

Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba ya buɗe adudunta. Zannuwan saƙi, da mayafi, da tasa babbar rigar ta zuwa Idi, duka ya farke ya ɗinke ya lulluɓa wa gwangwala sama da ƙasa. Ya ja da baya ya duba. Ƙyallen ya saki ciki yana lilo, abin ya fi kama da shanya. Masu leƙe suka ce in ya bushe a kwashe kafin yamma.

Nan ya tuna. A filin jirgi ya sha ganin lebura suna shafa wa ƙyallen fiffike wani ruwa mai kauri, in ya bushe ƙyallen ya ɗame tamau. Bai taɓa tambayar mene ne ba, don a wurin Nababa mai tambaya shi ne wanda bai sani ba. Amma ai ya ga masaƙan Zakirai suna shafa wa zare kunu don ya yi tauri. Ashe sirrin Bature ke nan, kunu ne, suka ɓoye shi a gwangwani.

Ya gwada ruwan dusa, ƙyalle bai ko motsa ba. Ya gwada yauƙin karkashi, fiffike ya yi santsi har ƙadangare ya hau ya zamo. Ya jiƙa ƙaro ya shafa, kafin azahar ƙudajen unguwa duka sun manne a jiki suna kuka. Ya wanke ya zauna ya yi tagumi, idonsa na komawa ƙofar ɗaki.

A yi masa adalci, da ya jawo tulun gabansa ya faɗi. Ya san abin da ke ciki, ya kuma san yadda aka tara shi. Amma zuciya ta ce masa jirgi ɗaya rumbu nawa ne, kafin ruwan shuka ya sauka ai ya cika tulun nan da wanda ya fi wannan, har ya sayo wa Hure zane na kanti. Ya ce bismilla ya fasa.

Ya wanke tokar, ya jiƙa, ya durƙusa a kan dutsen niƙa da kansa, namiji guda, ya rufe ƙofa. Sai dai a shekarar nan ba a ɓoye ƙarar dutsen niƙa. Kafin ya tace gasarar ya ɗora a wuta, rabin unguwa sun tuna suna da gaisuwar da ba su kai gidan Nababa ba. Ƙanshi ya cika tsakar gida, mutane na haɗiyar yawu.

Liman ya leƙa tukunyar ya daɗe yana kallo. "Nababa, wannan ba geron Hure ba ne?"

"Wane Hure? Garin jirgi ne, daga filin jirgi na zo da shi. Kama ce kawai. Guba ne, ko ɗan yatsa mutum ya lasa sai dai a yi masa sutura."

Jama'a suka ja da baya, masu gaisuwa suka tuna da wasu uzurorin. Nababa ya ɗauki tsintsiya ya shafe fukafukan ciki da waje, shafi kan shafi, har ya kankare gindin tukunya. Rana ta buga. Kuma abin haushi, ƙyallen ya ɗame. Ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji yana amsawa kamar ganga. Ranar ko Sama'ilu sai da ya fara lissafin la'ada a zuci.

Shi ne ma ya zo da labarin mai saye. Ya ce ranar kasuwar Zakirai wani Bature na zuwa sayen fatun awaki, kuma ba Ingilishi ba ne, don ko Turawan gwamnati ba sa cin abinci da shi. Ga gashin baki har kunne.

Nababa ya buga cinya. "Shi ne. Kuku ya ce da gashin baki ake gane su. Fatu dai fakewa ce, jirgi ya zo nema a ɓoye."

Ranar kasuwa aka tashi fitar da jirgi, sai aka ga ƙofar zaure ta mutum ce. Aka karkata shi, aka kwantar, aka tayar, ya ƙi. Nababa ya sa gatari ya kwantar da darnin gidan gaba ɗaya, har da rabin na maƙwabci, ya ce in an dawo da katangar siminti za a maye. Aka ɗaura jakunan Sama'ilu biyu a gaba. Jakunan nan rabonsu da hatsi tun kafin fara, tun daga ƙofar gida suke waiwaye suna buɗa hanci, dole Nababa ya tafi a tsakaninsu da jirgin da sanda a hannu. Burtalin Zakirai kuwa ƙunci gare shi, gona na manne da gona, shinge na kallon shinge. Inda ya matse sai samari su ɗauki jirgin a ka su bi da shi a karkace. Suka isa kasuwa da ayari a bayansu wanda ya fi na amarya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas ba wanda ya kula.

Baturen na zaune a kan akwati gaban sikelinsa, yana jan fata yana shinshinawa. Ya ɗaga ido ya ga abin da ke tahowa, ya ajiye fatar a hankali.

Sama'ilu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga haja mun kawo. Ga mai ita."

Nababa ya ƙame ya sara. "Gud monin. Na san abin da ya kawo ka, ba sai ka faɗa a gaban mutane ba. Jirgin koyo ne, hawa biyu, irin wanda Ingilishi ke tsuga muku kuɗi a kai. Yaya mutanen Hangari?"

Baturen ya amsa da Hausar da ta sha kasuwa. "Lafiya lau nake zato. Ni dai mutumin Girka ne."

Jama'a suka juyo suna kallon mai jirgi. Nababa bai ko ƙifta ido ba.

"Maƙwabta ne?"

"Da ɗan tafiya."

"To ai shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ka sara a nan ka kai musu ka ci riba."

Baturen ya tashi ya zagaya jirgin. Ya taɓa akushi, ya juya muciya, ya matsa zugazugi ya ji ya yi huci. Ya shafa gashin bakinsa ya daɗe yana shafawa. "Aiki ya yi kyau. Amma shekarata da yawa a ƙasar nan, ban taɓa ganin an sayi doki a turke ba. Mai shi ke hawa ya sukwane shi a gaban mai saye. Ko an sake al'ada?"

Jama'a suka ce ba a sake ba.

Nababa ya ce, "Ni ne malami, kujerata ta baya. Saura ɗalibi." Ya dubi Sama'ilu.

"Ni dillali ne, a ƙasa nake aiki."

"Dillalin da bai yarda da haja ba, wa zai yarda da shi? Ko ka yafe la'adar?"

Sama'ilu ya karanta abin da ya sawwaƙa ya shiga. Aka ja jirgin zuwa kan tudun da ke gangarawa wajen 'yan awaki. Nababa ya zauna a baya, ya danna hular kwano, ya kama zugazugi ya ce a kora jakuna a matsa.

To sandar da ke tsakanin jakuna da fiffike ta tafi. Jakin dama ya juyo ya kai wa fiffiken ƙasa cizo. Da yake a jikin jirgin yake ɗaure, yana juyowa jirgin ya juya, fiffiken ya guje masa, ya bi shi. Na hagu ya ga ana rabo ba da shi ba, ya bi sahu. Jirgin mutanen Hangari ya shiga kewaya wuri ɗaya, akusa na ƙara, Nababa na zuga iya ƙarfinsa, Sama'ilu na salati yana cewa a sauke shi ya yafe.

"Riƙe linzami, haka yake yi kafin ya ɗaga," in ji Nababa.

Zugazugin kuwa ba abin da ya yi sai hura ƙanshin kunu zuwa gangare. Awakin da aka kawo sayarwa, waɗanda suka yi wata suna cin ƙasa da tsumma, suka ɗaga kai gaba ɗaya. Turaku suka tumɓuke. Kafin masu su su farga, awaki sun hau fiffiken ƙasa, daga nan suka taka na sama, wani bunsuru ya tsaya da ƙafa a kan hular kwano yana yagar babbar rigar Idi. Gwangwala ta yi ƙara ta karye, hawa biyu ya koma hawa ɗaya, Sama'ilu ya fito ta ƙasa da rarrafe.

Masu awaki daga Tsamiyar Kaka suka ɗora hannu a ka suna cewa guba ne, dabbobi sun halaka. Baturen ya ce kada su damu, duk wadda ta mutu yana sayen fatar. Aka tsaya ana jiran awaki su faɗi. Awaki suka lashe baki suka ƙara gaba.

Cikin wannan dariya ne mutane suka dāre, wata mace ta ratso da ƙunshi a ka. Hure ce. Ta dawo ta tarar da gida ba darni, ta shiga ɗaki ta fito, ta biyo sawun akusa har kasuwa. Ba ta dubi Bature ba, ba ta dubi mijinta ba. Ta tsugunna ta ƙwace wani yanki na zanenta daga bakin akuya, ta kankare busasshen kunun da farce ta sa a harshe.

Wani ya ce, "Baiwar Allah, guba ne."

"Gerona ne," ta ce. "Har tokar ina ji."

Dariyar ta mutu. A kasuwar nan babu wanda ba manomi ba, babu kuma wanda bai san abin da ta faɗa ba. Mutanen da suka yafe masa kaza da darni suka dube shi wani irin kallo, wasu suka kau da kai don kunyarsa ta kama su.

Nababa ya fito daga cikin karyayyun gwangwala yana kakkaɓe jiki. "Hure, ki saurara. Wannan gwaji ne. Na biyun da zan ƙera..."

Ɗigon farko ya faɗo a kan hular kwanon. Iska ta juya, ƙanshin ƙasa ya taso, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan shuka ne, wanda aka yi wata ana roƙo. Kasuwa ta watse nan take, kowa na gudu gida ya duba sunguminsa da tulunsa. Bature ya naɗe fatunsa, Sama'ilu ya kwance jakunansa bai yi sallama ba. Nababa ya tsaya shi kaɗai yana kallon sauran kunun na narkewa daga tsummokaran, yana bin ruwa fari-fari zuwa kwata.

Washegari da sassafe karkara duka ta fita. Ko'ina ka duba mutum ne a gaba da sungumi yana sara, na bayansa na jefa iri yana rufewa da diddige. Nababa ma ya fita, don ba zai yarda a ce yana gida ba. Ya sari gonar gadonsa layi bayan layi, a miƙe, sara mai kyau, yana ɗaga murya yana gaya wa na gonar kusa cewa a Hangari da inji ake wannan aikin. Na gonar ya juya masa baya ya ci gaba da sara. Da ya kai ƙarshen gona ya juyo, ramuka ne buɗe tun daga inda ya fara, ba kowa a bayansa.

Can tsallaken shinge ya hango ta, a gonar Liman. Liman na gaba yana sara da ƙyar irin ta tsufa, Hure na biye da ƙwarya a hannu, tana jefa irin wani a gonar wani. Ƙwadago ta je yi, a biya ta da abin da ya rage a gindin ƙwaryar in an gama.

Ya matsa bakin shingen, murya ƙasa-ƙasa. "Hure, mutane na kallo."

Ba ta tsaya ba, ba ta ɗago ba. "Jiya ma sun kalla. Ka koma ka tsare ramukan kada su bushe. In ya rage, zan kawo."

Nababa ya koma gonarsa. Ya cire hular kwanon ya ajiye a kan kunya, ya zauna kusa da ramin farko, yana kallon rana na hawa, bakin ramukan na fara yin fari.